Fasinjan da Ba Ya Tsaki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Ɗandume ba tare da na yi niyya ba. Ku sababbin shiga, ku saurara.

Da kaka ne, tashar Funtuwa ta cika maƙil da mutane da buhunan masara. Ni kuma sabon ɗauka ne a hannun Tanimu kamasho, mai cika mota. Aikina zaman mota. Ba mai son shiga motar da ba kowa, don haka sai a zaunar da irinmu kamar matafiya. Fasinjan gaske na zuwa, mu sulale ɗaya bayan ɗaya. Amma a gidan su Hadiza, wadda nake nema da aure, cewa na yi a ofishin tasha nake aiki.

Ina zaune a bas ɗin Ɗandume, sai ga mahaifinta, Malam Ilu, da zakaru biyu. Ya zauna daf da ni.

"Sabi'u, ina zuwa?"

"Ɗandume, Baba. Ofis ne ya aike ni."

"Madalla. Riƙe mini waɗannan."

Mota ta cika, saura gurbina. Tanimu ya bubbuga jikin mota, alamar in sauka. Na kau da kai. Ya yi ta ƙifta ido har na tausaya wa idon. Da ya gaji, ya leƙo ta taga: "Malam, ba ka ce za ka kama ruwa ba?"

"Na fasa," na ce.

Haka muka kutsa cikin tireloli da 'yan acaɓa. Kafin mu fita gari, zakara ɗaya ya gama ɓata gaban rigata da kashi.

Da muka isa, Malam Ilu ya karɓi zakarunsa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Na yi zaman mota tun ba a haife ka ba. Daga ƙofar tasha na gane ka. Fasinjan gaske tsaki yake yi, yana mitar direba. Kai kuwa ka miƙe ƙafa kamar a zauren gidanku."

Kunya ta rufe ni. A raina na ce aure ya sha ruwa.

"To Baba, me ya sa ba ka ce in sauka ba?"

"Wa zai riƙe mini zakaru? Hadiza kam zan ba ka, amma ka je ka koyi aikinka."

Abin da na koya ke nan: a tasha, wanda kake son ruɗawa ya riga ka sanin dabarar. In an zaunar da ku, don Allah ku yi tsaki.