Takalman Lyman Tarbox

A ƙauyen Pell Hollow da abu biyu aka san Lyman Tarbox: shi ne mai jan ƙyauren ɗakin rawa, kuma ba wanda ya taɓa ganinsa ba takalmi. Ko wanka aka je tafki, a bakin ruwa yake zama da manyan takalmansa na gona, wai yana gadin kayan mutane.

Ɗakin rawar nan asalinsa ɗakin shanun ubansa ne. Lyman yana saurayi, bayan yaƙin duniya na biyu, kiwo ya daina ci da gida, uban ya sayar da ɗakin ga wata baƙuwa daga New York, Mis Hedda Lund, siririya kamar sillen kara amma da muryar soja. Ta zo da ɗalibanta, suka kwashe kashin shanu da hannunsu, suka shimfiɗa daɓen katako. Mutanen ƙauye suka leƙa suka dawo suna riƙe baki: rawa ba takalmi, wani sa'in ma ba kiɗa, mutum ya faɗi ƙasa da gangan, ya tashi, ya sake faɗuwa. Aka yanke hukunci mahaukata ne, sanyin farko zai kore su. Dusar ƙanƙara ta zo ta narke, da bazara sai ga su sun dawo sun ninka.

Mis Lund ta kafa doka ɗaya, takalmi ba ya taka daɓenta, ko na gwamna ne. Ta kuma kafa al'ada ɗaya. Kowace yamma, a ƙarshen rawar ƙarshe, ana jan ƙaton ƙyauren baya, bango ya buɗe gaba ɗaya, 'yan kallo su ga dutse da faɗuwar rana a bayan masu rawa. Ƙyauren yana da taurin kai, sai wanda ya saba kora shanu ta nan ya san inda ake dafa shi, don haka aikin ya faɗa hannun Lyman. Ya karɓa da murna, domin daga waje ake ja, a cikin ciyawa, inda doka ba ta kai ba.

Tun yana yaro injin yankan ciyawa ya cinye masa yatsu uku na ƙafar hagu, yaran makaranta suka laƙaba masa Kofato. Daga ranar ya rufe ƙafar, ya kuma daina kallon ƙafar kowa don kada a kalli tasa. In ban da matarsa Velma, mai dafa wa ɗalibai abinci, ba mai sanin abin da ke cikin takalmin.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Ambaliya ta taɓa cinye hanyar ƙauyen, 'yan kallo suka ƙaraso a motar noma. Mis Lund ta tsufa tana koyarwa daga kan kujera da sanda, har ta rasu, ɗalibanta suka zama malamai, nasu ɗaliban suka fara zuwa daga Japan da Brazil da Senegal. Duk wannan Lyman ta baya ya gan shi. Bayan masu rawa ya sani, da gumin da ke bin gadon bayansu, da fuskokin 'yan kallo a lokacin da ƙyaure ya buɗe: manyan mutane bakinsu a sake, wasu na hawaye ba su ma sani ba. Yakan juya ya dubi dutsen, ya ga dai dutsen da ya saba gani tun yana tatsar nono. Abin yana ci masa rai ƙwarai. Yana son ya shiga ya ga me suke gani, takalmi ya hana shi.

Da kafaɗunsa suka gaza, 'yarsu ta ce bazarar nan ce ta ƙarshe, za ta kwashe su su koma wurinta can kudu. Shugabar makarantar, Corinne Mabry, wadda ta fara zuwa tana ɗaliba yanzu ga furfura, ta same shi ta ce a yammar rufewa za a kira shi tsakiyar daɓe a gode masa. Ya ce godiya ai tana iya samunsa a waje, cikin ciyawa. Da maganar ta kai kunnen Velma, ajiye ludayi ta yi.

"Tsoho, ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji ta. "A ɗakin nan ubanka ya koya maka tatsa. Za ka bar garin nan ba ka sake shiga ɗakin ba saboda yatsu uku? Ni da na aure ka a haka ban mutu ba."

Yammar ta zo, ya dafa ƙyaure inda ya saba, ya ja. Aka yi tafi, sai masu rawa suka juyo gaba ɗaya suka jeru a bakin ƙofa, Corinne a gaba ta miƙo masa hannu. Gudu ba dama. Ya sunkuya kamar zai kwance igiyar takalmi, yana neman abin da zai ce, idonsa ya sauka a kan ƙafafunsu.

Bai taɓa ganin irinsu ba. Babban yatsan Corinne ya karkace ya hau ɗan'uwansa. Na kusa da ita farcensa ya yi baƙi, wata dugaduganta sun tsage an naɗe da filasta, kanta ko'ina kamar fatar ganga. Da waɗannan ƙafafun suke tashi sama kamar ba su da nauyi.

"Mista Tarbox," in ji Corinne a hankali, "a ɗakin nan mai kyakkyawar ƙafa malalaci ne."

Ya cire na dama, ya daɗe, sannan ya cire na hagu. Ba wanda ya kawar da kai, ba kuma wanda ya zuba ido. Ya taka daɓen ya ji shi da ɗumi, sumul kamar cikin tsohuwar ƙwarya, yana ɗan lotsawa yana dawowa. A tsakiya ƙafarsa ta gane wani ɗan kwari da tafin ƙafar mutane ya ci a katako, tun daga ɗaliban Mis Lund har zuwa yaran yau.

Ya ɗingisa har gaban 'yan kallo, ya juya. Masu rawa na tsaye a bakin ƙofa, rana ta yi ja a bayansu har ba a ganin fuskarsu, suka ɗaga hannuwa sannu a hankali, dutsen ya cika ƙofar kamar yanzu aka halicce shi. Lyman ya ji bakinsa ya saki, irin sakin da ya sha gani a fuskar wasu. Velma ta matso ta riƙe masa gwiwar hannu.

"Velma," ya ce, "ashe abin da nake buɗe musu ke nan."