Murhun da Ba Ya Hayaƙi

Gwaggo mai ɗinki ba ta yarda da abin da bai tsufa ba. Keken ɗinkinta ya girmi 'yarta, murhunta na duwatsu ya girmi keken. A kansa ta ciyar da marayunta bayan rasuwar mijinta. Shi ne kuma ya baƙanta rufin kicin, ya bar mata tarin da ko zare ba ta zurawa a allura sai ta huta. Likita ya gaya mata gaskiya: ko ta rabu da hayaƙi, ko ƙirjin ya kai ta ƙasa.

Sai 'yarta ta kawo murhun ƙarfe mai 'yar ƙofa a gindi. Gwaggo ta zagaya shi, ta taɓe baki.

"Wannan gwangwanin ne zai dafa mini abinci?"

"Inna, ƙirare kaɗan za ki sa, busassu. Kada ki cusa masa itace."

Ta cusa mana, ai Gwaggo ce. Wuta ta shaƙe ta mutu. Da ta sauko ta bi maganar 'yarta, ruwa ya tafasa kafin ta gama tsince shinkafa. Itacen yini guda ya riƙa kai ta kwanaki, hayaƙi kuwa sai ka ƙura ido za ka gan shi. Tari ya lafa. Ba ta taɓa yabon murhun ba, amma ta ɗinka masa riga da ragowar yadi saboda ƙura.

Wanda kowa ya manta da shi shi ne yayan Gwaggo. Gidansa na tsallaken titi, amma sun yi shekaru ba sa ga maciji, tun wata baƙar magana da ya gaya mata a gaban surukai. Ciwon ƙafa ya kama shi, kullum yana zaune bakin taga.

Wata safiya tana tsugune gaban murhu, ta ji ƙarar sanda a tsakar gida. Ga yayan nan yana haki, takalmi ƙafa ɗaya, gwiwa duk ƙasa, alamar ya faɗi a hanya.

"Ashe kina nan," in ji shi.

"Da ina za ni?"

"Hayaƙinki nake dubawa kowace safiya. In ya tashi, na san kin tashi. Kwana biyu shiru. Na kasa tambayar kowa."

Tausayinsa ya kama ta, da kunyar shekarun da suka ɓata. Ta jawo kujera da ƙafa.

"Zauna, Yaya. Shayi ya kusa."

Ranar ta so ta mayar da duwatsunta don tsohon ya samu abin kallo. 'Yarta ta rantse in ta ƙara ganinsu sai ta zuba su a rijiya.

Yanzu kowace safiya za ka ga Gwaggo tana tsallaka titi da butar shayi, tana mita. Duk wanda ya tambaye ta murhun, sai ta ce yana dafa abu da sauri, ba ya cin itace, amma kada a saya, domin ita dai ya jawo mata zirga-zirga.