Saminu Mai Zanen Babura

Ranar da na yi faɗa da Saminu ɗan Malam Suhaibu, tsintsiya ce a hannuna, kuma ba shara na yi da ita ba.

Kwana tara yana zuwa zaurenmu nan Daura, ya kafa allonsa, ya zauna gaban tsohon babur ɗin mijina Mati, wanda ya shekara goma sha ɗaya a jingine tun da Allah ya karɓi mai shi. Ni na ba shi izini. Na zaci zai zana shi kamar ranar da Mati ya shigo da shi daga Mai'adua, baƙi wuluk, yana ɗaukar ido. A rana ta tara na leƙa. Me zan gani? Tsatsa. Taya a kwance. Igiyar da nake ɗaure akuya a ƙafarsa. Har kashin kaji na kan tanki bai bari ba.

Na ce, "Kai ɗan nan, tonon asiri ka zo yi mini? A kai wannan bakin kasuwa, a ce ga yadda Ikilima ta riƙe kayan mijinta?"

Ya ce, "Iya, dubi kujerar. Kin ga ta lotsa ta hagu? Baba Mati a karkace yake zama saboda ƙugunsa. Shi nake nema a ciki."

"Au, mijin nawa ne kashin kajin?"

Fentin mai ne, ba ya saurin bushewa. Na ja tsintsiya a kai sau biyu, aikin kwana tara ya koma kamar miyar kuka. Bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna yana zare tsinkayen da suka maƙale a fentin, ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Iya." Ya naɗe kayansa ya tafi. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Na san Saminu tun yana goye. Yana ɗan shekara goma ubansa ya kama shi ya zana fuskar mai nama da tawada a bayan allon karatu. Malam bai doke shi ba. Alkawari ya sa ya yi, cewa ba zai ƙara zana abin da ke numfashi ba. Ya riƙe wannan alkawari har furfura ta fito masa. Abincinsa rubutun allon shago ne da furannin bayan mota. In ya samu sarari kuma, sai ya ɗaure farin yadi a firam, ya bi ƙauyuka har Zango da Dutsi, yana cigiyar tsofaffin babura, Benli ne ko Besfa, ya zana su kafin 'yan gwangwani su farfasa. Matarsa Khairunnisa ta ce ko tuwonta warin kananzir yake, don da shi yake wanke burushi. A majalisa suna ce masa malamin tsatsa. Ni ma na sha faɗa, kuma nawa ya fi na kowa gishiri.

Bayan faɗan da mako guda, haushi bai sake ni ba. Na kira mai gwangwani, ya kwance babur ɗin a tsakar gida, ya fita da shi gunduwa-gunduwa a buhu. Na ce na ga abin da za a kuma zanawa.

Sai da zauren ya zama wayam na gane aika-aikar da na yi. Mati bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Shekara sha ɗaya ina wucewa ta gefen kujerar nan, ashe ita nake gaisarwa ban sani ba. 'Yata Zubaida ta zo daga Katsina, ta tsaya a zaure ta ce, "Inna, ina Baba?" Ba ta ce babur ba. Na ce ta shige ta bar ni da surutu.

Bara aka ce ƙirji ya kwantar da Saminu. Na dama kunun tsamiya da hantsi na tafi, ina ta bitar kalma biyu a hanya: yafe mini. Ɗakinsa cike da zanen babura a bango, kowanne da raminsa da tabonsa. Namu na nan a tsakiya, da sawun tsintsiyata a kai. Bai ɓoye shi ba, bai gyara ba.

Ya yi murmushi, ya ce, "Iya, na gwada sake shi da ka, ya ƙi. Ni sai ina kallon abu hannuna ke tafiya. In na tashi, ki bar ni in zo in ƙarasa. Wannan karon zan cire kashin kajin. Yana nan dai ko?"

Khairunnisa na tsaye a bakin ƙofa tana jira. Ni da garin nan ya san ba a kayar da ni a magana, na haɗiye kalma biyun nan. Kwana huɗu bayan nan aka yi jana'izarsa, ban koma ba a tsakani. Abin da na ce masa, ina gyara murfin kwanon kunu don kada mu haɗa ido, shi ne:

"Yana nan inda ka bar shi. Kai dai ka warke ka zo."