Mai Tausa ta Gwamnati

Shekarar da 'yar ƙanena ta zo Umara daga ƙasar wajen da take karatu, a wurina ta sauka, a unguwarmu ta Tandabawi, nan ƙasa mai tsarki. Gwamnatin jiharsu ce ke biya mata kuɗin karatun likita, irin wanda ake koyar da gyaran ƙashi da jijiya da hannu. Tun kafin ta kwance jaka na zaga lungunmu, na shaida wa kowa Allah ya kawo mana mai tausa ta gwamnati.

Bayan la'asar tsofaffi suka cika mini ɗaki, wannan ƙugu, waccan gwiwar da ɗawafi ya cinye. Ni na fara kwanciya, tunda ɗakina ne.

Yarinya ta ce, "Gwaggo, wallahi sunayen ƙasusuwa kawai aka koya mana, ba mu zo nan ba tukuna."

Na ce, "Yalla, maza ki danna kina kiran sunansu. Da kuɗin talakawa ake karatun nan, to ga talakawa."

Ta durƙusa tana danna mini baya, tsofaffi na ta dariya. Can sai ta sunkuyo daidai kunnena ta ce, "Gwaggo, ke da ko igama, takardar izinin zama, ba ki da ita, wace gwamnati ce ta san da ke?"

Na ce, "Babu ko ɗaya, 'yar nan. Shi ya sa wadda ta faɗo hannuna yau ba zan sake ta ba. Gangara ƙasa kaɗan."