Ƙauyen da Maƙwabcina Ya Ƙona Mini

Maƙwabcin shagona ne ya ƙona mini ƙauye, kuma har in koma ga Allah ba zan manta ba. Na san wani zai ce ai ƙauyen cikin wasan gem ne. E, na cikin gem ne. Ku dai bari in gama.

Gyaran talabijin nake yi a Gwarinpa. Shekarar da aka yi mana rusau a wajen Kurudu, na mayar da iyali gida, ni kuma na koma kwana a shago. A lokacin ne wani kwastoma ya kawo gyaran na'urar gem, ya tafi bai sake waiwayarta ba. Da na gyara na jona don gwaji, sai na tarar da wani wasa a ciki. Turancina ba wani mai yawa ba ne, amma na gane abin da ake so: kai jarumi ne, sarki ya aike ka ka kashe wani azzalumi a bayan dutse. Akwai wata kibiya a saman allo, kullum tana nuna maka hanya.

Ban bi kibiyar ba. A hanya na faɗa wani ƙauye a bakin kogi, na tsaya kallo. Mutanen ciki ba ni suke jira ba. Maƙeri yana hura wuta da safe, ko ina wurin ko ba na wurin. In hadari ya haɗu, mata su fito kwashe shanya. Akwai wani tsoho masunci da ba ya shiri da mai gashin burodi, in sun haɗu kowa ya kau da kai, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini dalili. Na sayar da takobin sarki na sayi fili, na kafa ɗaki, na shuka albasa. Tsohon nan da farko ko kallona ba ya yi. Na yi ta kai masa tsutsar ƙugiya, sai wata rana ya matsa mini wuri a kwalekwalensa. Wallahi na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba a garin nan.

Shi maƙwabcin nawa mai gyaran waya ne, mutumin Filato, kuma gwanin gem. A wurin masu gem akwai al'ada: in mutum ya maƙale a wani mataki, gwani ya karɓa ya haye da shi, a saya masa lemo. Kullum yakan leƙo yana dariya: "Oga, har yanzu albasa? Duniya tana jira ka cece shi fa." A ganinsa wasa hanya ce, tana da farko tana da ƙarshe, sauran duk ado ne.

Ran Lahadi ni ke duba masa shago, ran Juma'a shi ke duba nawa. Wata Juma'a daga masallaci na wuce Orozo wani aiki, sai bayan la'asar na dawo. Na same shi a kujerata yana washe baki, ya ce ya gama mini abin da ya gagare ni. Ashe waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun tsara shi ne da zarar ka haye dutsen, yaƙi ya tashi, sojojin azzalumin su bi ta bakin kogi. Kuma ya adana wasansa a kan nawa, nawa ya goge, babu komawa baya.

Na karɓa na nufi ƙauyen. Toka. Kwalekwalen a kife, ba kowa. Kibiyar ma ta ɓace, tunda ba sauran inda za ta nuna.

Da ya ga fuskata sai ya ce in sake daga farko, ai ƙauyen yana nan. Na gwada sau ɗaya. Ga tsohon a inda yake, amma bai san ni ba. Na kashe na'urar. Irin maganar tasa aka yi ta yi mini bayan rusau, wai ai sai in sake gina wani gidan.

Har yau ina jin haushin masu wasan ma. In ƙona mutanen za su yi don labari ya yi daɗi, me ya sa suka wahala wajen ba su rai? Amma abin da na koya ba na gem kaɗai ba ne: kada ka taimaki mutum sai ka tambaye shi me yake yi.

Washegari ya shigo da lemo biyu, yana cewa shi fa taimako ya yi, gani ya yi na maƙale. Na dube shi ido cikin ido na ce: "Ban maƙale ba, maƙwabci. Zama na yi. Kai da masu katafilar rusau halinku ɗaya ne: in kun ga mutum a zaune, sai ku ce hanya ya tare."