Na'urar Ban Ruwan Manoman Kibiya

Ni na rubuta manhajar da ke kunna injin ban ruwa, da yaren kwamfuta da ake kira C, a shagon kwamfutar yayana a Rano. Wata uku ina fama da ita. Rana ɗaya ya kwashe ta a filashi ya kai wa ƙungiyar manoman albasa a Kibiya, ya ce aikinsa ne. Da suka tambaye shi ni fa, ya ce ai buga takardu kawai nake yi. Maganar nan ta ƙona mini rai, kuma ban yafe ba.

Garin gaggawa tsohon kwafi ya ɗauka, mai ɓaraka. Duk lokacin da manhajar za ta auna danshin ƙasa, sai ta ari ɗan wuri a ƙwaƙwalwar na'ura, ta gama ba ta sake shi ba, kamar mai ɗibar kwanuka a kicin ba ya mayarwa. A Rano abin bai taɓa nunawa ba, don wuta ba ta yini ba a ɗauke ba, kuma da na'urar ta mutu ta tashi ƙwaƙwalwar ta koma fayau. Manoman Kibiya kuwa sola suka sa mata, ba dare ba rana. Na lissafa, na ga kwana huɗu za ta yi ta cika. Na ja bakina na yi gum.

Bayan kwana huɗu cif na'urar ta sandare, injin ya ƙi tashi. Yaya ya hau acaɓa ya je ya kashe ya kunna, ya ce zafin rana ne. Karo na biyu ya ɗora wa batir laifi. A na uku albasa ta fara langaɓewa, shugaban ƙungiyar, wani dattijo, ya ce ya zo ya kwashe tarkacensa. Ranar na zama "ƙanwata ta kaina" a bakin Yaya, yana roƙona in gyara. Na ce zan gyara, amma a Kibiya, gaban mutane.

Ranar kasuwa muka je, manoma sun cika rumfa. Na buɗe kwamfuta na tura gaban Yaya a kan benci.

"Yaya, layi ɗaya ne babu, wanda zai saki wurin da aka ara. Tunda kai ka rubuta, bismillah."

Ya zuba wa kwamfutar ido har gumi ya jiƙa bakin hularsa. Na harɗe hannu, ban taimake shi da ko tari ba, kuma wallahi daɗi nake ji. Can dattijon ya gyara murya.

"Malam, tashi ka ba mai abu wuri."