Kwasar Janairu ta Maman Hadiza

Labari ya iso mini da safiyar nan, har yanzu ban iya zama wuri ɗaya ba. Hadiza, 'yar Malam Isuhu da Rabi, ta ci jarrabawar zama nas!

Ita da kanta ta kira ni, tana kuka tana dariya: "Hajiya, na yi fasin! Wallahi na yi fasin!"

Alhamdu lillahi. Amma wannan rubutu na iyayenta ne, domin sun kai ta ƙarshen karatu ba tare da bashin kowa a wuyanta ba.

Ni ce uwar adashin matanmu mazauna ƙasar waje, a nan East Greensboro. Kowace mace tana da watan da take so ta kwasa: wata gab da Sallah, wata lokacin tafiya gida. Rabi kuwa tun da Hadiza ta shiga kwalejin al'umma ta garin nan mai sauƙin kuɗi, Agusta da Janairu kawai take roƙo, watannin biyan kuɗin makaranta. Hannu biyu take zubi, daga abin da kitso ya ba ta da abin da mijinta ya samu a sito.

Mata suna tsokanarta: "Maman Hadiza, atamfar nan taki ta kusa samun takardar zama ɗan ƙasa!" Sai ta yi dariya ta ce, "Ku bar ta, ita ma lakwal take, karatu take yi."

Akwai waɗanda suka raina kwalejin, suka ce yarinya mai ƙwaƙwalwa jami'a ta dace da ita, ga rance nan ana bayarwa. Malam Isuhu bai yi musu da kowa ba. Abin da ya ce mini shi ne: "Hajiya, ba zan sa ta fara cin gumin kanta da kuɗin ruwa a bayanta ba."

A zangon ƙarshe al'amari ya tsananta. An rage wa Malam Isuhu aiki, Rabi ta koma zubi da hannu ɗaya, kwasar Janairu ta faɗa kan Anti Rifkatu, 'yar Jos ɗin nan da ke cikinmu, wadda ta daɗe tana jiran ta canza motarta. Hadiza ta ce ko ta karɓi rance, ko ta ajiye karatun.

Ranar zubi na faɗi halin da ake ciki. Kafin in rufe baki Anti Rifkatu ta ce, "Ku ba Maman Hadiza. Motar nan ta saba da turi, mu ma mun saba. Amma in na tsufa, Hadiza ce za ta yi mini allura, kuma a hankali!"

Haka ta ƙare sanyin bana, wata rana mota ta tashi, wata rana ta bi bas zuwa coci.

Ganina na ƙarshe da Rabi makon jiya ne, ana jiran sakamako. Na tambaye ta wane wata zan sa ta a sabon zagaye. Ta ce, "Ki fara ba Anti Rifkatu nawa. Na zagayen da zai biyo baya kuma na tikitin Maraɗi ne. Tun da yarinyar nan ta shiga kwaleji ban ga mahaifiyata ba."

Ban taɓa jin ta ambaci wannan ba sai ranar.

Allah Ya saka wa Malam Isuhu da Rabi da mafificin alheri, Ya ba Anti Rifkatu motar da ba ta buƙatar turi, Ya sa albarka a hannun Hadiza. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya taya mu da addu'a ɗaya tak: Allah Ya sa Rabi ta tarar da tsohuwarta lafiya. Amin.